Usur ɗin Hedimasta da Kyamarar A-Sake

"Ajiye min talabijin ɗina."

"Ba ɗauka na yi ba, Maman Biyu. Aro ne."

"Aron da ba a tambayi mai abu ba? Ka naɗe ta da bargona, ka ɗora a ka, ƙafarka ɗaya ta riga ta fita waje. Ajiye, na ce."

Mijin nata ya tsaya cak a ƙofar falo, wuyansa na rawa saboda nauyi, wayar talabijin tana reto a bayansa kamar jelar saniya.

"Ke dai ba ki san abin da duniya ke ciki ba," in ji shi daga ƙarƙashin bargo. "Mutane sun daina gardama a kan ƙwallo. Da an yi musu sai alƙali ya zana akwati a iska, ya je ya kalli bidiyo, magana ta ƙare. VAR ake ce masa. Gani ya kori ji. Shi zan kai filin makaranta yau da yamma."

"Kai?"

"Akwai wani mai kyamara a layin nan bayan ni?"

Babu, kuma abin da ya fi damun Maman Biyu ke nan. Shekara goma sha biyar mijinta yana ɗaukar bidiyon biki, amma ko sau ɗaya bai taɓa kama abu a lokacin da ya faru ba. Ana yanka kek yana can yana ɗaukar ɗan kunnen ƙawar amarya. Ana sa zobe yana bin takalmin wani babban baƙo. Sai an gama tafi ya juyo da murmushi ya ce, "A sake, a sake, kamar ba ku san ina nan ba." Akwai amaryar da ta yanka kek sau huɗu har ya zama gari. Akwai angon da ya sa zobe ya cire har yatsar yarinya ta kumbura. Tun daga nan sunansa na yanka ya ɓace, yara da manya A-Sake suke kiransa, shi kuma yana amsawa da alfahari, a zatonsa yabon ƙwarewa ne.

"Don Yayanki nake yi fa," in ji shi, ya sassauta murya. "In kin fi son talabijin a kan usur ɗinsa, to, ga ta nan."

Nan ya kama ta a inda ba ta da ƙarfi.

Duk shekara teloli da makanikan layin sukan buga wasa ɗaya a filin firamare, a kan wani tsohon kofi da makanikai suka yi wa walda sau uku, teloli suka ɗinka masa riga. Alƙalin wasan, tun kafin a haifi rabin 'yan wasan, shi ne yayan Maman Biyu, wanda kowa ke kira Hedimasta ko da yake ya shekara shida da yin ritaya. Bara ya ba da wata ƙwallo da rabin filin suka rantse ba ta shiga ba. Aka bi shi da ihu har tsohon ofishinsa, ya shige ya danna sakata, bai fito ba sai da mai gadi ya tabbatar masa kowa ya watse. Bana ƙungiyoyin biyu, da ba su taɓa haɗa baki a kan komai ba, suka haɗa a kan abu guda: in aka sake gardamar da ya kasa warwarewa, a karɓe usur, a nemo alƙali daga wani wuri.

Ita ta san matsayin usur ɗin nan a wurin yayanta. Tun da aka karɓi mabuɗin ofis da ƙararrawar makaranta daga hannunsa, shi kaɗai ya rage masa wanda in ya busa mutane ke tsayawa. A gidan tabarau yake ajiye shi. Tabarau ɗin kuwa a aljihu, tare da alli da mabuɗai.

"Zan bi ka," in ji ta. "Ni zan riƙe wa talabijin lema. In ta yi ko ƙwarzane, ka fara neman wurin kwana."

"Za ki ga tarihi da idonki."

"Tarihi na gani ranar bikinmu, da ka ce a sake shigo da ni."

Shagon mai aski ne kaɗai ke da soket kusa da filin, don haka iyakar inda waya ta kai nan aka kafa tebur, daidai gefen raga, a kan layin da aka zana da toka. Maman Biyu ta zauna a kujera, lema a hannu, talabijin a gabanta, turken raga bai fi taku uku da gwiwarta ba.

A-Sake ya sa rigarsa ta aiki mai aljihu goma sha biyu. Ya ja Hedimasta gefe yana koya masa alamar.

"Haka za ka yi, Yaya. Akwati a iska. Shi ke nan."

Hedimasta ya gyara tsayuwa, ya zana akwatin a hankali, ya duba, ya ga kusurwa ɗaya ta karkace, ya share iskar da tafin hannu, ya sake zanawa.

Kyaftin ɗin makanikai, wani ƙato da ake kira Sifana, ya matso yana goge hannu a wando. A bayansa ga golan teloli, siriri dogo, wanda ba a san shi da wani suna ba sai Allura.

"Wai wannan ne zai raba mu?" in ji Sifana. "Wanda ya sa ƙanwata ta shigo ɗakin taro sau uku?"

"Na ukun ai ya fi kyau," in ji A-Sake.

"A na ukun kuka take yi."

"Shi ya sa ya fi kyau."

"Ni tambayata ɗaya," in ji Allura. "Ka taɓa ɗaukar abin da ke gudu?"

A-Sake ya yi dariyar manya. "Na ɗauki bikin da mutum dubu suka zo, ban rasa fuska ko ɗaya ba. Mutum ashirin da biyu da ƙwallo guda ne za su gagare ni? Ku dai ku buga. Ko ƙuda ya yi satar gida yau sai na nuna muku ƙafarsa."

Hedimasta ya busa, aka take wasa.

Ba a yi minti goma ba wani tela ya tare ƙwallo da wani abu tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Makanikai suka ce hannu ne, teloli suka ce ƙirji ne. Kafin baki ya yi tsami Hedimasta ya ja baya, ya zana akwatinsa mai kusurwa huɗu cif. Mutane suka taso daga ko'ina suka kewaye teburin, har sai da Maman Biyu ta riƙa korarsu da bakin lema.

A-Sake ya iso da sassarfa, ya zauna, ya buɗe kwamfuta.

"Nuna," in ji Hedimasta.

"Yanzu? Haba Yaya. Ni ba na nuna aikin da ban tace ba. Suna ne da ni a gari."

Aka jira. Minti biyar, minti goma. 'Yan wasa suka zazzauna a ƙasa. Wani tela ya zaro tef daga safa ya auna kafaɗar wani ɗan kallo. Wani makanike ya je ya leƙa ƙarƙashin motar mai aski ya dawo da labari marar daɗi. Sai da aka yi kusan minti ashirin A-Sake ya jona waya, ya ce a ba shi wuri.

Allon ya yi ruwan hoda. Furanni suka fara zubowa daga sama, wani kiɗa mai sanyi ya tashi. Wata ƙatuwar zuciya ta buɗe a tsakiya, a cikinta rubutun zinare yana juyawa: Teloli da Makanikai, Allah Ya Bar Ƙauna.

"Ƙaunar wa?" in ji Sifana.

"Tsarin da ke cikin kwamfutar ke nan. Ba ya ciruwa."

Daga nan aka ga isowar baƙi. Aka ga shugaban teloli tun daga takalmi har hula, a hankali, sau biyu. Aka ga mai sayar da ruwa tana rufe baki da mayafi tana dariya. Aka ga jariri yana hamma. Can sai aka ji ihun makanikai na cewa hannu ne, amma abin da ya cika allon shi ne ɗan kunnen matar mai aski, yana walƙiya a rana.

"Tsaya," in ji matar mai aski. "Ɗan mayar da baya."

"Ina ƙwallon?" in ji Hedimasta.

"Ba ka ji ƙararta ba, Yaya? Saurara. Wannan ƙarar ƙirji ce."

"Ƙarar hannu ce," in ji Sifana. "Ni da ƙara nake gane ciwon mota."

Da an yi rigima a nan, amma kowa ya shagala da neman fuskarsa a allo. Hedimasta ya yi amfani da damar ya ce babu hujja, a ci gaba da wasa. Da zai wuce ya kama hannun rigar surukinsa.

"Ƙwallo za ka bi. Ka ji ni? Inda take, nan kake."

Maman Biyu ta so ta ce masa ya gyara maganar. Ba a ba A-Sake umarni a buɗe haka. Amma kafin ta buɗe baki an busa usur.

Ai kuwa ba a jima ba ta hango rigar mai aljihu goma sha biyu a tsakiyar fili. Sifana ya yanke mutum biyu, ya taho da ƙwallo gadan-gadan, ga A-Sake a gabansa yana tafiya da baya-baya, kyamara a ido, hannu ɗaya a sama, yadda yake yi wa amarya in za ta shiga ɗakin taro.

"A hankali. A hankali, Sifana. Ɗaga kai. Ɗan murmushi."

"Matsa min."

"Kada ka kalle ni, yi kamar ba na nan."

Sifana ya yi kamar ba ya nan. Ya ɗirka ƙwallon da duk ƙarfin da yake kwance taya da shi, ta sami A-Sake a aljihu na bakwai, inda yake ajiye batura, ta koma ta faɗa gaban wani tela da ke tsaye shi kaɗai yana gyara safa. Telan ya ga babu kowa, ya ruga, ya zuba ta a ragar makanikai.

Makanikai suka ce satar gida ce. Teloli suka ce mutumin makanikai ne ya ba shi. Makanikai suka ce yaushe A-Sake ya zama nasu, wanda ko bujin mota bai sani ba. Teloli suka ce to ba nasu ba ne dai, dubi ɗinkin rigarsa. Hedimasta bai ko zana akwati ba, don alƙalin bidiyon yana kwance a ƙasa yana neman numfashi. Ya soke cin, ya tsaya a kan surukinsa, ya zaro katin gargaɗi ya ɗaga masa.

"Ni?" in ji A-Sake daga ƙasa. "Ai ni ma alƙali ne."

"In ka sake taka layin nan, ja ne."

"Ɗan sake ɗagawa, Yaya, ban ɗauka ba."

Aka tafi hutun rabin lokaci babu ci, amma gunaguni ya fara yawa, kuma duk a kan Hedimasta yake sauka. Maman Biyu na jin ana cewa tsufa ne, ana cewa shi ya kawo surukinsa don ya rufa masa asiri. Ta dubi yayanta can a inuwar aji uku, shi kaɗai, yana goge usur da gefen riga. Ta yafito mijinta da lema.

"Baban Biyu, zauna. Zan yi maka magana da yarenka. Yau ƙwallon nan ita ce amarya. Ba ƙawayenta, ba baƙi, ba ɗan kunnen kowa. Daga bakin layi za ka tsaya, inda amarya ta yi nan kyamara za ta yi."

Fuskarsa ta washe. "To da kin faɗa haka tun farko. Yaya ne ya ruɗa ni da bayanin malamai."

Aka dawo, aka sauya raga, Allura ya zo ya tsaya a ragar da ke gefen Maman Biyu. Ita kuma ta sa wa mijinta ido. Minti goma na farko ya yi abin kirki, har ta fara jin kunyar zarginsa. Yana bakin layi, kyamara na bin ƙwallo hagu da dama, sama da ƙasa. Sai ta ga ya fara tangaɗi. Ya dafa bishiya. Ya zo wurinta yana haɗa gumi.

"Wannan amaryar ba ta da tarbiyya. Kowa ya kira ta sai ta je."

"Koma."

Ya koma. Makanikai suka ci ɗaya, teloli suka rama, duka biyun a fili ƙarara, ba wanda ya nemi akwati. Rana ta yi sanyi, saura minti biyu a tashi, Maman Biyu ta fara naɗe bargo tana hamdala a zuci.

Sai aka yi bugun kusurwa. Ƙwallo ta taso, aka yi cincirindo, ta faɗo gaban Sifana, ya sa mata ƙafa. Ta daki ƙarfen sama, ta dira ƙasa, ta tashi, Allura ya rungume ta kamar uwa ta tsinci ɗanta a kasuwa.

Maman Biyu ta gani sarai. Ba ta so ta gani ba, amma a gaban gwiwarta aka yi. Ƙwallon ta wuce layin toka da kamar tafin hannu guda kafin ta fito.

Makanikai suka ruga suna murna. Teloli suka ruga suna rantsuwa. Duk suka haɗu a kan Hedimasta, wanda ke tsaye usur a baki, bai busa ci ba, bai busa komai ba. Ya ɗaga hannu ya zana akwati. Wannan karon kusurwoyin duk sun karkace, bai kuma tsaya gyarawa ba.

"Ba furanni," in ji Sifana tun kafin A-Sake ya iso. "Ba zuciya. Yadda ka ɗauka haka za mu gani."

A-Sake ya buɗe ɗan allon jikin kyamara ya leƙa shi kaɗai. Maman Biyu ta dube shi. Ta san wannan fuskar. Ita ce fuskar da yake yi in an gama yanka kek.

Ya rufe allon, ya juyo da murmushi.

"An samu, an samu. Sai dai haske bai yi kyau ba. A sake. Kowa ya koma inda yake, kamar ba ku san ina nan ba."

Abin mamaki, sai suka koma. Kusan duk wanda ke filin A-Sake ne ya ɗauki bikinsa ko na ƙanwarsa, jikinsu ya saba. Aka jera, ya gyara wa wani tela wuyan riga, ya ce ɗaya, biyu, uku.

Sifana ya ɗauki ƙwallon da hannu, ya taka har cikin raga, ya ajiye ta a can ƙurya, ya danna ta da ƙafa. "Nan ta dira."

"A nan ai sai dai in ta biya haya," in ji Allura. "Kawo." Ya fito taku shida gaban raga, ya jefa ta sama, ya yi tsalle, ya cafe, ya mirgina sau biyu. "Nan na kama ta."

"A nan ko kakata ta kama."

"Duka biyun sun yi kyau," in ji A-Sake. "Amma babu rai a ciki. Sifana, buga da gaske. Allura, ka nuna tashin hankali a ido. A sake."

'Yan kallo suka shiga ba da umarni. Wani ya ce ai mai aski yana tsaye a can ne ɗazu, a mayar da shi. Mai sayar da ruwa ta ce ita tana miƙa wa wani ruwa ne a lokacin, ta nemo mutumin ta sake miƙa masa. Aka sake bugo kusurwa, Sifana ya sa ƙafa da gaske. Ƙwallon ta bar raga, ta bar ƙarfe, ta nufi tebur. Maman Biyu ta kifa lema a gaban talabijin, ƙwallon ta daki lemar ta karya mata haƙarƙari uku.

Ta dubi lemar. Ta dubi mijinta. Bai yarda sun haɗa ido ba.

"Ya isa," in ji Hedimasta. Bai ɗaga murya ba, amma muryar taron safe ce ta makaranta, kowa ya nutsu. "Jona wayar. Na farkon nake son gani, na gaskiyar."

"Yaya, haske ne bai..."

"Jona."

Aka jona. Allon ya nuna ƙafafu, ya nuna sama, ya nuna reshen bishiya. Sai ya tsaya cak a kan fuska ɗaya, ya matso da ita har ta cika allon. Hedimasta ne. Gumi ya rufe masa tabarau. Ya cire su, ya zaro hankici, ya runtse ido, yana gogewa a tsanake. A bayansa aka ji ƙarar ƙarfe, aka ji ihun fili gaba ɗaya. Shi kuwa yana hura wa gilashin hagu iska.

Hannun Maman Biyu ya riga ya kai kan waya. Fizga ɗaya za ta yi, allo ya mutu, a ce wuta aka ɗauke. Yayanta ya dube ta ta saman tabarau.

"Bar shi, ƙanwata."

Ta bari. Aka kalli Hedimasta ya gama goge gilashin dama, ya mayar, ya buɗe ido yana waige-waige kamar wanda aka tasa daga barci.

"Me ya kai ka kansa?" in ji Sifana a hankali.

"Ƙa'idar aiki ce," in ji A-Sake. "In amarya ta gagara, uban amarya ake ɗauka. Na ga ya zaro hankici, na ce kuka zai yi. Ba a barin irin wannan ya wuce."

Ba wanda ya yi dariya, don Hedimasta ya riga ya cire igiyar usur daga wuyansa. Ya ajiye shi a kan tebur, kusa da karyayyar lema.

"Ban gani ba," in ji shi. "Na bara ma ban gani ba. Kunya ce ta hana ni faɗa, na yi ta maza na busa. Ga abinku. Alƙawari kuka yi, ba zan sa ku saɓa ba."

Mutanen da suka zo da shirin ihu suka rasa inda za su sa shi. Hedimasta ya juya zai tafi, ya yi taku biyu, sai ya tsaya.

"Ni ba alƙali ba ne yanzu. Amma akwai wanda ya gani, kuma ni na koya masa rubuta sunansa. Allura."

"Malam."

"Tsaya sosai. Hannu a baya."

Mutum mai 'ya'ya huɗu da keken ɗinki uku ya haɗe ƙafafu, ya mayar da hannu baya.

"Ta shiga ko ba ta shiga ba?"

Allura ya dubi sama. Ya dubi teloli 'yan'uwansa. Sai idonsa ya faɗa kan Maman Biyu. Tafin hannunta kawai ta buɗe, ta kwantar da shi a kan gwiwa, daidai faɗin da ta gani.

"Ta ɗan leƙa, Malam."

"Leƙe na tambaye ka?"

"To, ta shiga. Amma ba ta zauna ba. Gaisawa kawai ta yi ta fito."

Dariya ta ɓarke, ta teloli ma ta fi ƙarfi, don sun san golansu bai taɓa faɗin gaskiya a kan ranar karɓar ɗinki ba, sai ga shi yau. Sifana ya ɗauki usur ɗin daga tebur, ya juya shi a hannu, ya goge shi da wurin da ya fi tsabta a rigarsa.

"Mun ce gardamar da ya kasa warwarewa," in ji shi ga jama'a. "Wannan ya warware ta, ko da ba da ido ba. Akwai alƙalin wani wuri da zai ce wa Allura hannu a baya ya yi?"

Babu. Ya rataya wa Hedimasta usur a wuya. Shugaban teloli ya ce kafin baɗi za su ɗinka masa abin tare gumi a goshi. Wani makanike ya ce su kuma za su sa wa tabarau ɗin waifa irin ta gilashin mota. Hedimasta ya ce a yi shiru, ya sa usur a baki, ya busa ci, ya busa tashi, dogo, har sau uku. Maman Biyu ta sunkuyar da kai tana naɗe waya.

A hanyar gida talabijin tana kan A-Sake, a naɗe cikin bargo. Ita tana gefe da karyayyar lema. Hedimasta na gaba, Sifana da Allura na biye, sun riƙo kofin tare don hannun kofin ɗaya ya sake ɓallewa.

"Kun dai gani," in ji A-Sake daga ƙarƙashin bargo. "Ba don bidiyona ba da yanzu ana can ana jifa. Fasaha ke nan."

Sai da suka wuce shagon mai aski Maman Biyu ta kasa haƙuri.

"Baban Biyu, tsakaninka da Allah. Minti casa'in. Batura takwas. Na duba, ko sau ɗaya ƙwallon ba ta fito sosai a bidiyonka ba. Ta yaya?"

Ya tsaya, ya gyara zaman talabijin a kansa, ya ɗaga gefen bargo don su ga fuskarsa.

"Laifina ne? Sau nawa na yi mata magana. Ko sau ɗaya ba ta kalli kyamara ba."